Tambaya da Amsa: Wai DNA ma tana ƙulluwa? To ina ruwan ƙullin da ciwon daji?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu. Wannan karon saƙonni sun taru kan batun kansa, wato ciwon daji, har na rasa da wanne zan fara, sai na zaɓi guda huɗu da naga kamar uwa ɗaya ce ta haife su. Masu tambaya kan ciwon suga ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya. Yace: "Malam barka da aiki. Tun sakandare an koya mana DNA igiya biyu ce a murɗe, yanzu kuma a aji uku an zo mana da wani abu wai G4, wai DNA ɗin tana naɗewa gida huɗu kuma furotin na zuwa ya kama wajen ya kunna ko ya kashe ƙwayar gadon kansa. Wata takarda tace birki ne, wata tace totur ne. Dan Allah wanne zan rubuta a jarabawa?"

Amsa: Ƙanina ka kwantar da hankalinka, ruɗewar nan da kayi alama ce kana karatu da gaske, wanda bai ruɗe ba takarda ɗaya ya karanta. Bari mu ɗauko ta daga tushe saboda sauran masu karatu.

Abin da aka koya maka a sakandare gaskiya ne, DNA ita ce igiyar da ke ɗauke da bayanan gado a cikin kowane sel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jiki. A 1953 Watson da Crick a Kambirij ta Ingila suka fito da siffar igiya biyu a murɗe, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Ita baiwar Allahn kansar ƙwan mahaifa ce ta kashe ta a 1958 tana da shekara 37, kyautar Nobel kuma ta zo a 1962 bata nan. Igiyar nan haruffa huɗu ne kawai a jere, A da T da G da C, kusan biliyan 3 a kwafi ɗaya, in ka miƙe ta sel ɗaya tak ta kai wajen mita 2, kuma an cusa ta cikin wani ɗan gurbi da ido baya gani. To kaga duk wanda ya taɓa saka doguwar igiyar guga a buhu ya san bata fitowa yadda aka saka ta.

Inda labarin ya canza shine, duk sanda sel zai karanta wani sashe dole ya warware tufkar, igiyoyin biyu su rabu na ɗan lokaci. In sashen da aka warware yana cike da G, misali GGG sau huɗu kusa da juna, sai sili ɗayan ya lanƙwashe a kan kansa, G huɗu su riƙe hannun juna su yi fale-fale kamar faifai, sai wani faifan ya hau kai, wani ma ya hau, yawanci uku, a tsakaninsu kuma sinadarin fotasiyam ya zauna kamar ƙusa ya riƙe su. Wannan shine G4, ni ina ce masa ƙullin faifai. Lokacin da nake nuna wa ɗalibai a aji igiyar shanya nake zuwa da ita, in warware tsakiyarta da yatsa, in ɗauki sili ɗaya in naɗe shi sau huɗu ya zama dunƙule, ɗayan silin yana reto shi kaɗai, sai ince to yanzu wa zai iya zuge zoben makulli ya wuce ta nan? Sai kaga sun yi shiru, daga nan an gane.

Ba sabon abu bane fa. Tun 1962 Gellert da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana yadda G huɗu ke haɗuwa haka, amma shekaru da yawa ana ɗaukarsa wasan kwalba ne na ɗakin gwaji. Sai a 2013 ƙungiyar Shankar Balasubramanian a Kambirij ta haɗa wani furotin garkuwa mai suna BG4 wanda ke liƙe wa ƙullin, suka haska shi a cikin sel na mutum aka gani ƙuru-ƙuru. A 2015 suka ƙirga wurare sama da 700,000 da ka iya ƙulluwa a DNA ɗin mutum in an ciro ta waje, amma a 2016 da suka duba cikin sel kamar yadda yake, kusan 10,000 kawai suka samu a ƙulle. Ka riƙe wannan tazarar da kyau, dan ita ke nuna maka akwai masu hanawa da masu bari, wato furotin. Kuma mafi yawan ƙullin da aka samu a bakin ƙofar ƙwayoyin gado suke, inda ake yanke hukuncin a karanta ko kar a karanta, ciki har da manyan sunayen da masu binciken kansa ke jin tsoro: MYC, KRAS, KIT, BCL2, VEGF.

Mu ɗauki MYC tunda shine kowa ke magana a kai. Yana kan kuromosom na 8, wato ɗaya daga cikin dunƙulen da DNA take naɗe a ciki, aikinsa ya ce wa sel tashi ka ci ka girma ka rabu biyu. Sunan ma daga wata cutar kaji aka samo shi, wata ƙwayar bairos ce mai sa wa kaji kansa aka fara ganinsa a jikinta. A lafiyayyen jiki furotin ɗin MYC baya wuce minti 20 zuwa 30 an rushe shi, kamar mai shela ne da ya gama faɗa ya sauka. A ciwon kansa kuwa mai shelar ya ƙi sauka. A gaban ƙofar MYC akwai wani ɗan tsiri mai haruffa 27 cike da G, a 2002 ƙungiyar Laurence Hurley a Arizona ta nuna yana yin ƙullin faifai, kuma da suka zuba wani sinadari mai ƙara ɗaure ƙullin sai muryar MYC ta ragu. Daga nan maganar birki ta samo asali. Bayan haka aka shiga gano furotin masu zuwa wajen. Nukiliyolin yana zuwa ya rungume ƙullin ya ƙara masa ƙarfi, a gwaje-gwajensu karatun MYC ya sauka. NM23-H2 da CNBP an danganta su da kunnawa. Akwai kuma dangin helikes, su aikinsu kenan warwara, irin su DHX36 da BLM da WRN, sannan a 2019 ƙungiyar Danzhou Yang a jami'ar Purdue ta nuna DDX5 yana kwance ƙullin MYC, MYC ɗin ya ƙara tashi. Tufka da warwara dai ta gaske, wani na ɗaurewa wani na kwancewa a kan igiya ɗaya.

To ina totur ya shigo? Da kayan aiki suka ƙaru aka fara duba ƙullin a mazauninsa na asali maimakon a yanko shi a saka a kwalba, sai aka lura yawancin ƙwayoyin gadon da ke da ƙulli a ƙofarsu ai a kunne suke, suna aiki sosai ma. A 2024 mutanen Kambirij ɗin nan suka yi amfani da almakashin CRISPR, wata dabarar yanka DNA a gyara ta, suka canza 'yan haruffa a ƙofar MYC cikin sel yadda ƙullin ba zai iya ɗauruwa ba, da birki ne ai sai MYC ya zabura, amma sai ya yi ƙasa, furotin masu kunnawa irin SP1 suka daina samun wajen sauka. Wato ƙullin kamar turke ne, abin da aka ɗaura a jikinsa shi ke nuna amfaninsa, in mai kunnawa ya riga zuwa a kunna, in mai rufewa ne ko wani sinadari ya hau ya zauna ya hana kowa wuri sai a ji shiru. Ni a nawa ganin wannan fahimtar ta fi zama daidai da hujjojin da ake da su yanzu, kuma bata ƙaryata aikin su Hurley ba, ta dai nuna sinadarin nasu ƙila kujerar masu kunnawa ya ƙwace.

A jarabawa ka rubuta duka biyun da shekarunsu da irin gwajin da kowa yayi. Sannan ka ƙara da cewa ɗaya silin da aka bari yana reto, mai yawan C, shima yana iya nasa naɗin da ake kira i-motif, an bayyana shi a 1993 a Faransa, an gan shi cikin sel na mutum a 2018 a cibiyar Garvan da ke Sidni ta Ostareliya, kuma a ƙofar BCL2 an nuna furotin hnRNP LL na kama shi ya kunna. In malaminka mai adalci ne zai baka makinka.

Ta biyu daga wata Hajiya ce a Katsina. Tace: "Malam jikan maƙwabciyata ɗan shekara 7 kumatunsa ya kumbura, da farko an ce hangum ne, aka shafa abin shafawa, cikin sati biyu haƙoransa suka fara girgiɗi ido ya turo. A asibiti sun ce wai Bakit. Mutane na cewa gadon dangin uban ne. Gaskiya ne?"

Amsa: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya bai wa yaron lafiya ya saka miki da alheri da kika damu da ɗan maƙwabta. A taƙaice ba gado bane, kuma dan Allah a daina ɗora wa dangin uban, auren mutane na mutuwa a kan irin wannan maganar.

Kinga MYC ɗin da na gama yi wa ɗalibin can bayani? To shine a nan ma. Cutar sunan wani likitan tiyata ɗan Ailan ta ci, Denis Burkitt, wanda ya bayyana ta a 1958 bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda. Ya bi taswira ya ga cutar ta fi yawa inda ake da zafi da ruwan sama, wato inda sauro yake. A 1964 Epstein da Barr da Achong suka gano wata bairos a cikin ƙarin, ita ake kira EBV, kusan kowa na ɗauke da ita tun yana yaro kuma yawanci bata komai. Amma in ta haɗu da maleriya mai yawan dawowa, sel ɗin da ke ƙera garkuwar jiki suna ta rabuwa ba hutu, a cikin wannan hada-hadar sai a yi kuskuren ɗinki, guntun kuromosom na 8 mai ɗauke da MYC ya yanke ya je ya manne a na 14, a mafi yawan masu cutar haka ake samu. Wurin da ya sauka kuwa unguwar masu ƙera garkuwa ce, inda furotin masu kunnawa ke tsaye dare da rana. Shi MYC lafiyarsa ƙalau, maƙwabta ya canza, suka kunna shi suka ƙi kashewa. Shi yasa kika ga saurin nan, ƙarin na iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, yana cikin mafi saurin girma a duk kansar ɗan adam. Kuskuren a cikin sel ɗaya na yaron ya faru bayan an haife shi, babu shi a jinin uba babu shi a na uwa, ƙannensa ma ba za su ɗauka daga gare shi ba.

Mu ma muna da hannu a tarihin binciken nan, a 1963 a Ibadan aka raya sel daga wani yaro ɗan Najeriya mai wannan cutar, har yau ana amfani da su a ɗakunan bincike na duniya da sunan Raji, kuma Victor Ngu ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan yana cikin waɗanda suka samu kyautar Lasker a 1972 saboda maganin cutar.

Abin da zaki faɗa wa maƙwabciyarki shine saurin cutar nan shi ne kuma lagonta, tana jin maganin kemo sosai, sau da yawa kumburin na saɓewa cikin kwanaki bayan zagayen farko. Haɗarin yana nan ne, in an ga ya saɓe sai a ce ya warke a tattara a koma gida, kuɗin mota ma ya ƙare, bayan wata biyu ya dawo da ƙarfinsa kuma a lokacin ya fi wuyar magani. A cika zagayen da likita ya rubuta ko da za a yi karo-karo a unguwa. Kar a bari a tsaga wajen ko a cire haƙoran.

Ta uku gajeriya ce, wani manomi daga Gumel: "Malam an ce gyaɗa na kawo kansar hanta, mu da muka tashi da ƙuliƙuli?"

Amsa: Yallaɓai gyaɗa bata da laifi, funfuna ce mai laifin. In gyaɗa ko masara bata bushe sosai ba aka zuba a buhu, wata funfuna na fitowa tana zubar da dafin da ake kira afulatoksin, baya mutuwa da suya ko dahuwa. A jikinmu akwai wani furotin mai suna p53, an gano shi a 1979, shine mai gadin DNA, in ya ga ɓarna sai su haɗu su huɗu su dafe kan igiyar su kunna ƙwayoyin gadon da ke tsayar da rabuwar sel, in ɓarnar ta yi yawa su umarci sel ɗin ya kashe kansa. Kusan rabin duk kansar mutane zaka samu an lalata wannan mai gadin. Shi dafin funfunar in ya isa hanta G yake nema ya liƙe mata, kuma akwai wani gurbi na 249 a p53 da ya saba bugawa, G ta koma T, harafi ɗaya tak, sai hannun da mai gadin ke kama DNA da shi ya lanƙwashe. Yana nan a bakin ƙofa amma baya iya riƙe komai. An ga wannan tambarin a 1991 a masu kansar hanta a Chaina da kudancin Afirka, daga baya a Gambiya ma. In mutum na da ciwon hanta nau'in B kuma ga dafin, haɗarin ninkuwa yake sosai. Saboda haka a shanya a kan tabarma ko leda ba a ƙasa ba, a tsince masu baƙi da masu ɗaci da waɗanda suka yamutse, kuma abin da ke bani haushi shine tsintattun nan su ake sayarwa da araha a yi ƙuli ko a bai wa kaji da shanu, dafin kuma yana bi ta nono ya dawo mana. A yi gwajin ciwon hanta, jarirai a musu allurarsa da wuri.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: "Malam a WhatsApp ana tallan wani magani wai yana ɗaure DNA ɗin kansa ya kashe ta, wai binciken Turawa ne. Wani kuma yace a yawaita cin ayaba saboda fotasiyam. In saya wa yayata?"

Amsa: Alhaji kar ka saya. Na san zuciya, mutum in nasa na kwance ko me aka ce zai gwada, su ma masu tallan sun san haka shi yasa suke ɗauko kalmar gaskiya guda ɗaya su naɗe ƙarya goma a ciki.

Gaskiyar da suka ɗauko ita ce masana sun daɗe suna neman maganin da zai hau ƙullin faifan nan. Dalili kuwa shi furotin ɗin MYC bashi da wani rami a jikinsa da ƙwayar magani zata shiga ta toshe, sulɓi gare shi, sai aka ce to tunda an kasa kama mai shela bari a je a rufe ƙofar gidansu. An samu sinadarai da dama masu kama ƙullin a ɗakin gwaji, akwai telomestatin da aka samo daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa a Japan, akwai BRACO-19, akwai piridostatin. Wasu sun kai ga gwaji a jikin mutane, irin su CX-3543 wanda ya kai mataki na biyu bai wuce ba, da CX-5461 da aka gwada a masu kansar da ke da lalacewar BRCA, ƙwayoyin gadon da ke gyara DNA in ta karye, kuma shi ɗin ma daga baya aka gano yana da wata hanyar aiki daban, yana tsayar da wani furotin mai kwance murɗewar DNA. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake a kantin magani. Matsalar ka riga ka ji ta a sama, ƙulli dubbai ne kuma duk sun yi kama da juna, ga su a ƙarshen kowane kuromosom inda jerin haruffan TTAGGG ke maimaituwa, ga su a sel masu lafiya, to ta yaya magani zai gane na ƙofar MYC ya bar sauran? Shi yasa wasu masu binciken suka koma kallon wajen da furotin da ƙullin ke haɗuwa, dan nan ne kowanne ya bambanta da ɗan uwansa. Abin da manyan jami'o'i suka shekara sama da 20 suna fama da shi ba zai zo a roba mara lamba ta hannun direban mota ba.

Ayaba kuwa a ci dan daɗinta. Cikin sel a cike yake da fotasiyam koyaushe, ƙoda ce ke daidaita shi, cin ayaba goma ba zai ƙara ɗaure ƙulli ko ɗaya ba, in ma mara lafiyar na da matsalar ƙoda yawan fotasiyam na iya taɓa zuciya, sai a tambayi likitanta tukuna.

Baka faɗa min wace irin kansa ce ke damun yayar taka ba, kuma a nan komai yake. Ka nemi takardar sakamakon tsokar da aka yanka aka auna, ka ɗauki hotonta da kyau inda rubutun zai fito, ka rufe sunanta da yatsa, ka turo ta lambar filin nan. In ta mama ce ka duba ko an rubuta ER da PR da HER2 a jiki, wato wasu furotin da ake aunawa a ƙarin, in babu ka roƙi likita a yi wannan gwajin, dan shi ke nuna ko ƙwayar tamoksifen mai sauƙin kuɗi zata yi mata aiki, ita ma ɗin wani furotin mai hawa DNA take rufe wa baki. Kuɗin da ka ware na maganin WhatsApp ɗin ka riƙe shi na wannan gwajin ne.